Karsanar da Aka Ba Sekandar Maji

Sekandar Maji, mijin yayata Anowara, ya shekara talatin da bakwai yana tuƙa jirgin kamun kifi a bakin tekunmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga tsoro a fuskarsa ba sai ranar da na jawo masa karsana har ƙofar gida.

Sunana Motaleb. Ni ne mai shayin bakin gaɓa a Nolbuniya, inda jirage ke sauke kifi, kuma ni ne sakataren ƙungiyar masuntan garin. Kada muƙamin ya ruɗe ku. Sau ɗaya tak na taɓa shiga teku, ina ɗan shekara ashirin. Kwana uku na yi kwance a kan taru ina amai, har masuntan suka ce wa Sekandar ko dai ya mayar da ni gida ko su saƙala ni a ƙugiya su gwada sa'a. Amma na yi aji takwas a makaranta, kuma ba na rabo da alƙalami a aljihun riga, shi ya sa duk abin da ya shafi takarda ni ake turawa.

Ina kiransa Dulabai, kamar yadda kowa ke kiran mijin yayarsa. Shi kuwa Shala yake ce mini. Da wannan kalmar ake kiran ƙanin mata, da ita kuma ake zagi a kasuwa, kuma har yau bai bayyana mini wacce yake nufi ba.

Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi. An haife shi a wani tsibiri da kogi ya cinye tun kafin ya yi aure. Idan aka tambaye shi garinsu sai ya nuna tsakiyar ruwa ya ce, "Yana nan, sai dai yanzu kifi ke haya a ciki." Ko sunansa bai iya karantawa ba, amma yakan ɗebo ruwa a tafi ya ɗanɗana, ya dubi launinsa, ya ce a zuba taru a nan, a kuma ɗago shi dam da kifin ilish. Masu jirage rububinsa suke yi. Bai taɓa mallakar jirgi nasa ba, bai kuma taɓa barin mutum ko ɗaya a teku ba, kuma na biyun kaɗai yake alfahari da shi.

Da gwamnati ta fara hana kamun kifi a watannin da ilish ke zuba ƙwai da kuma lokacin da 'ya'yan ke tasowa, sai aka ce duk masuncin da ke da kati za a riƙa ba shi shinkafa ya riƙe gida. Masu rajista suka zo Nolbuniya ranar wata Talata, lokacin da kusan kowane jirgi yana teku. Waɗanda suka tarar a tudu su ne ni, da wanzami, da mai gyaran keke, da wasu tsofaffi. Na ari taru na rataya a kafaɗa, na tamke fuska irin ta wanda iskar teku ta gasa, aka ɗauke ni hoto. Da haka na zama masunci a idon hukuma, Sekandar Maji kuwa bai zama ba sai bayan shekara uku, bayan na gaji da zirga-zirga zuwa ofis.

Shinkafar dai ban ci moriyarta ba. Ranar rabo ina sauke buhu yayata za ta bayyana.

"Bubu, ai da sunana aka bayar," in ce.

"To ka dafa sunan ka ci," ta ce, ta sa a ɗora mata a kan keke.

A shekarar da katin Dulabai ya fito, aka kawo wani sabon shiri. An lura shinkafar ba ta kai mutane ƙarshen hani, wasu na satar shiga kogi saboda yunwa, don haka za a ba wasu masunta abin da za su kama wata sana'ar. Aka miƙo mini takarda mai zaɓi biyar: keken ɗinki, keken dako, awaki, karsana, ko taru mai faɗin ido irin wanda doka ta yarda da shi. Sunan Dulabai ya fito a cikin mutum goma na farko.

Na same shi a gindin kwakwa yana ɗinkin taru, bakinsa jawur da ganyen pan da muke taunawa kamar goro.

"Dulabai, me zan rubuta maka?"

"Taru."

"Ka dai saurari sauran."

"Shala, ka taɓa ganina da zare da allura ina ɗinka wa mata riga? Taru."

Na tafi ofis da niyyar rubuta taru, Allah ne shaidata. Amma jami'in da na tarar matashi ne mai tabarau, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi, ya kira ni Sakatare Saheb. Tunda nake babu wanda ya taɓa haɗa sunana da Saheb, laƙabin da ake girmama manya da shi. Ya ce masu hangen nesa kiwo suke zaɓa, taru kuwa na waɗanda tunaninsu bai wuce jiya ba ne. Na gyara zama na ce ai ni ma abin da nake gaya musu ke nan kullum. Kafin shayin ya huce na sa alama a gaban karsana.

Akwai bita ta kwana uku ga waɗanda za a ba dabba. Ban iya gaya wa Dulabai ba, don haka na je a madadinsa. Ɗakin yana da fanka, ga abincin rana har da nama. Duk bayan azahar nakan farka in tarar ana tafi. Abin da na riƙe daga bitar guda biyu ne: saniya tana bukatar abinci mai gina jiki, kuma cikinta gida huɗu ne. Aka ba ni takardar shaida mai hatimi, na sa mata gilashi na rataya a shagona.

Ranar da aka kawo dabbobin, a jirgin fito suka iso. Tamu ja ce, siririya, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Daga arewacin ƙasar aka sayo ta, ba ta taɓa shaƙar warin busasshen kifi ba, tana ta atishawa. Na ja ta muka bi ta kan jinga, rabin gari na biye da mu. Dulabai ya fito yana gyara ɗaurin lungi, zanen da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya tsaya cik.

"Mene ne wannan?"

"Tallafinka ne, Dulabai."

"Ina tarun?"

"Ai... masu hangen nesa..."

Karsanar ta matsa ta miƙa hanci tana sansanar gwiwarsa. Mutumin da ya ratsa guguwa uku da jirgin katako ya yi tsalle da baya, ya taka kwanon wanki, ya faɗa ɗaki ya rufo ƙofa. Daga ciki muka ji muryarsa.

"Anowara! Ki ce wa ƙaninki ya kwashe gwamnatinsa ya bar mini gida!"

Sunan da ya bi ta ke nan. Daga ranar kowa a Nolbuniya Gwamnati yake kiranta.

Mayar da ita ba ya yiwuwa, sayarwa kuma an hana, har hannu aka sa ni na sa. Matsalar ita ce ƙasarmu zartsi ce. Ciyawar kirki ba ta fitowa sai da damina, ruwan tafki kuwa in rani ya yi ko kare ba ya sha. Gwamnati ta ƙi ruwan, ta ƙi ciyawar bakin jinga, ta tsaya a turke tana kuka tana kallon arewa. Bubu ta riƙa raba mata ruwan saman da ta tara a randa don shan gida, tana yi tana ambaton sunana ba da alheri ba.

Sai na ga lokaci ya yi da zan nuna ilimina. Na ce abinci mai gina jiki take bukata, kuma a duk gidan babu abin da ya kai shinkafa gina jiki. Na jira Bubu ta tafi shanyar kifi, na dafa babbar tukunya daga shinkafar tallafi, na juye wa karsanar a daro. Ta cinye tas har da lasar daron. Na koma shago ina jin kaina wani babban likita.

Washegari da hantsi cikinta ya yi tim a gefen hagu, kamar ganga. Na zagaya ta sau biyu, hannuwana a baya, na ɗan ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Mutane sun taru, don haka dole in ce wani abu.

"Alhamdu lillahi," na ce. "Ciki ne da ita."

Dulabai, wanda ke tsaye nesa da turken kamar kullum, ya tofar da pan.

"Shala, wannan 'yar ko ƙaho ba ta gama fitarwa ba, kuma duk Nolbuniya babu sa ko ɗaya. Wa ya yi mata cikin? Takardar shaidarka?"

Wanzami ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don karsanar ta durƙushe tana nishi, kumfa na fita a bakinta. Bubu ta ga daron, ta ga ƙanzon tukunya, ta dube ni. Ban san wanda ya koya mata ba, ta ce dai ta taɓa ganin kakarmu ta yi wa akuya. Ta daka citta ta haɗa da man girki a kwalba, ta ce a riƙe mata kan dabbar. Ni na riga na ja da baya, wai ina ba su iska. Dulabai ne ya zo. Ya durƙusa a cikin taɓo, ya rungume wuyanta kamar yadda yake rungumar sandar tuƙi in iska ta taso, yana cewa, "Yi haƙuri, uwata, yi haƙuri, wawa ne, haka muke fama da shi." Aka ɗura mata, aka sa mata kara a baki tana tauna, ya tashe ta tsaye da ƙarfin tsiya ya yi ta zagayawa da ita a tsakar gida har la'asar. Da ta saki wata gyatsa, sai da kajin maƙwabta suka watse.

Tun daga ranar bai ƙara gudunta ba. Ni kuma aka kafa mini doka: in tsaya taku goma daga turke.

Da hani ya kama, ya tuna wani sabon tsibiri da ya ɓullo can sama da bakin kogi, inda ruwan daɗi ke rinjayar na gishiri, ciyawa har ƙugu. Ya ari ƙaramin kwalekwale, ya riƙa tafiya kowace safiya da lauje da jarkoki biyu. A mako na biyu Bubu ta tsaya a ƙofar shagona.

"Kai ka jawo, kai za ka yanka. Tashi."

"Bubu, kin san ni da ruwa."

"Katinka cewa ya yi masunci."

Zuwa dai na daure. Na yanka ciyawa dami ɗaya, na yanke yatsa, Dulabai ya yanka takwas. A dawowa ruwa ya fara cika, iska ta bi bayansa, kwalekwalen ya shiga rawa. Na kwanta a tsakiya, Dulabai ya rufa mini ciyawa saboda rana, ina jin duniya na juyawa.

Can na ji ƙarar inji, sai wata murya ta lasifika ta ce a tsaya. Masu sintirin hani ne. Duk wanda suka kama da taru a wannan lokacin, tarun wuta za a sa masa, shi kuma ya kwana a tsare. Jirginsu ya matso har ya gogi namu.

"Maji, ina tarun?" in ji shugabansu.

"Na nema, ba a ba ni ba."

"Kada ka raina mana hankali. Masunci kamarka, a kogi, da kwalekwale cike da ciyawa? Mun san wannan dabarar. Ku bincika."

Wani ya tsallako ya shiga cusa sanda a cikin ciyawar. A cusawa ta uku ya same ni a haƙarƙari. Na yi ƙara, shi ma ya yi ƙara, ya kusa faɗawa ruwa. Suka yaye ciyawar suka tarar da ni kore shar kamar ita.

"Wannan fa?"

"Ƙwararre ne," in ji Dulabai. "Gwamnati ce ta horar da shi."

Na yunƙura in gabatar da kaina yadda ya dace da sakatare. Na ciro katina na miƙa, na buɗe baki, amma ba magana ce ta fito ba. Shugaban ya janye takalminsa da sauri. Ya dubi hoton jarumin da ke jikin katin, ya dube ni, ya mayar mini.

Da suka tabbatar babu taru, ya tambayi labarin ciyawar, Dulabai ya ba shi a taƙaice. Mutumin ya yi dariya, ya ce to ai shirin ya yi aiki ke nan, ga masunci ya bar kifi ya huta. Dulabai bai yi dariya ba. Ya ajiye filafili a cinya.

"Saheb, bari in faɗa maka wata magana. Hanin nan ban ƙi shi ba. Na ga shekarun da ilish ya kusa ƙarewa, na ga kuma ya fara dawowa, ni ba makaho ba ne. Uwa mai ƙwai ko ba doka bai kamata a taɓa ta ba. Amma mu da kuke tsarewa, abin da muke kamawa a wata, manyan jiragen ƙarfen can na cikin teku a yini ɗaya suke kwashewa, da uwa da 'ya'ya da ƙasar da suke kwana a kai. Muna zaune a tudu muna ganin hayaƙinsu. Su wace ciyawa aka ba su su yanka?"

Shugaban ya dubi ruwa. Bai girmi ɗan Dulabai na fari ba.

"Caca," ya ce, wato baffa a yarenmu, ya sauke murya, "wannan jirgin nawa in ya wuce bakin kogi, ni ma sai an cece ni. Na rubuta, na sake rubutawa."

"To ci gaba da rubutawa. Ga mai alƙalami nan in naka ya ƙare."

Suka ɗaura mana igiya suka ja mu har gaɓa don taimako. Gudun ya ninka, rawar ma ta ninka. Mutanen da ke bakin ruwa suka ga an jawo Sekandar Maji a bayan jirgin sintiri, suka ɗauka kama shi aka yi, sai suka ga an sauko da sakatarensu ranga-ranga, mutum biyu na riƙe da shi.

Karsanar ta murmure ta yi kyau, gashinta na sheƙi. A cikin goman da aka raba a garinmu, huɗu sun mutu a ranin farko, uku an ce sun ɓata, kuma kowa ya san kasuwar da suka ɓata a cikinta. Da hani ya ƙare Dulabai ya koma teku, amma ya sauya. Duk inda waya ta kama zai kira gida, Bubu ta ɗauka da murna, ya ce, "Ta sha ruwa?" Da lokacin barbara ya yi, ya roƙi mai jirginsa, ya shimfiɗa katako, ya ɗora ta a babban jirgin su ya kai ta wani gari mai nisan rabin yini inda ake da sa. Ta tsaya a gaban jirgi tana tauna ciyawa, ko gezau. Masuntan suka dawo suna cewa ta fi wasu masu kati jure ruwa. Na yi kamar ban gane ba.

Ta haifi maraƙi, bayan shekara ta sake haifar maraƙa. Jami'in nan mai tabarau ya zo da masu ɗaukar hoto. Na sa farar riga na tsaya kusa da saniyar, karo na farko da aka bar ni na karya dokar taku goma. Da hoton ya fito a takardar shirin, ga Dulabai, ga Gwamnati, ga Bubu, ni kuwa gwiwar hannuna ce kawai ta samu shiga.

Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe wa Dulabai gani. An yi masa aiki a ɗaya, ɗayan ya ƙi. Yana iya ganin mutum, amma launin ruwa ya daina rarrabewa, kuma shi da kansa ya je ya gaya wa mai jirgin tun kafin a gaya masa. Ya ce ba zai ɗauki 'ya'yan mutane goma sha biyar ya kai su inda ba ya gani ba.

Ranar da hani ya ƙare a bara, jirage suka yi layi za su fita da cikar ruwan safe, an yi musu sabon fenti, tutoci na kaɗawa. Karo na farko ke nan da za su tafi babu shi. Na ɗauka ba zai fito ba. Sai ga shi a kan jinga da tulun madara a hannu ɗaya, igiyar saniya a ɗayan. Ya ajiye mini madarar shayi kamar kullum, ya zauna a bakin benci yana fuskantar ruwa.

"Shala, wanne ne namu?"

"Na uku, mai shuɗin baki."

"Ya yake bi?"

"Ya nufi dama, ta wajen sandar can."

"Kai! Akwai yashi a wurin tun bara. Hagu! Hagu, ɗan banza!" Ya miƙe yana ihu, kamar sabon matuƙin zai ji shi daga wannan nisan. Jirgin ya ɗan karkata ya bi hagu, don kansa ko don ihun, ban sani ba. Na gaya masa. Ya koma ya zauna, yana ta murza igiyar a hannu.

A hankali ƙarar injunan ta ɓace. Na ga idonsa mai lafiyar ya cika, na juya ina goge kofin da na riga na goge. Na haɗa masa shayi mai kauri na miƙa masa, na ce wannan kyauta ne. Ya kurɓa, ya juya shi a baki yadda yake yi wa ruwan teku.

"Shala."

"Na'am, Dulabai."

"Madarar da na kawo maka ba haka take ba. Wane tafki ka ƙara mata?"

Na rantse ban ƙara komai ba. Ya ce in sake rantsewa ina kallon saniyar. Ban iya ba.